Tambihi ga mai mayar da waƙar ajami boko, da misalin Tabbat Haƙiƙa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya rubutu ya zama ma'ajin ilimi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da malaman da suka karɓi amana suka miƙa ta ga na bayansu ba ragi ba ƙari.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, kafin ka shiga matani da sharhin da ke cikin wannan littafi, ina so in tsayar da kai a kan magana guda. Waƙoƙin da malamanmu suka bari da ajami yanzu suna ta fitowa da boko, wasu a littattafan jami'a, wasu a ƴan takardun da ake sayarwa a ƙofar masallacin Juma'a, wasu kuma suna yawo a waya. Wannan alheri ne, domin yaran da suka yi lakkol kaɗai su ma suna da haƙƙi a gadon kakanninsu. Sai dai duk wanda ya ɗauko waƙa daga ajami ya kai ta boko ya yanke hukunci ɗari kafin ya kai ƙarshenta, kuma mafi yawan bugun da ya zo hannuna ba ya gaya wa mai karatu ko guda daga cikin hukuncin nan. Mai karatu sai ya ɗauka abin da ke gabansa shi ne abin da mai waƙa ya faɗa, harafi da harafi. Abin da nake da'awa shi ne, aikin tahaƙiƙi bai cika ba sai mai yinsa ya nuna wa mai karatu duk inda hannunsa ya taɓa matani da dalilin taɓawar, kuma fanni guda na ilimi ba ya isarsa ga wannan aiki. Zan kafa misali da waƙar Tabbat Haƙiƙa, domin kusan duk wahalar aikin ta taru a cikinta.

Fasali na farko: baki uku cikin waƙa guda

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, an haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, garin da a yau yake cikin jihar Tawa, ya rasu a Sakkwato a 1817. Shi ya yi asalin wannan waƙa, kuma da Fulatanci ya yi ta. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mayar da ita Hausa bayan rasuwarsa. Daga baya autan Shehu, Isa, wanda aka sani da Isan Kware, ya yi mata tahamisi. Ƙarshen waƙar da kansa ya ambaci su ukun da aikin kowa, saboda haka su ba su ɓoye komai ba.

Duk almajirin da ya karanta Ishiriniya ya san tahamisi, domin baitocin Alfazazi ne Ibnu Mahibi ya yi wa wannan aiki. Mai tahamisi yana ɗaukar baiti mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku nasa a sama, ya sa ƙafiyarsu ta bi ta ɗangon farko na asali, sai baiti ya zama ƙwar biyar. To lissafa da kanka. A kowane baiti na Tabbat Haƙiƙa da ake rerawa yau, ɗango uku na sama na Isa ne, biyu na ƙasa kuwa Hausar Nana ce da ta zaɓa domin ta ɗauki ma'anar mahaifinta. Ma'anar kashi biyu cikin biyar ta Shehu ce, amma lafazin Hausa ko kalma guda bai fito daga alƙalaminsa ba.

Duk da haka sau da yawa za ka ga an buga waƙar an sa sunan Shehu kaɗai a samanta, ɗango biyar ɗin a jere da harafi iri ɗaya, babu alamar da ta raba na wani da na wani. Mai wa'azi ya ɗauka ya ce Shehu ya ce, ya rera biyar ɗin duka. Wani zai ce ai gida ɗaya ne, koyarwa ɗaya ce, mene ne na damuwa? Damuwar ta fuska uku ce. Ta farko, mu mutanen isnadi ne, kuma jingina wa malami maganar da ba tasa ba aibi ne ko da maganar gaskiya ce. Waƙar nan gargaɗi ce ga masu mulki da alƙalai da talakawa a kan zalunci da cin haƙƙi, kuma mutane suna ɗaga ta a gaban masu iko. Wanda ya ɗaga hujja da isnadi karkatacce ya ba abokin jayayyarsa ƙofar fita. Ta biyu, an tauye Nana haƙƙinta, alhali fassara waƙa cikin waƙa, a tsare kari a tsare ƙafiya, aiki ne na gwanaye. Ta uku ta shafi tarihi. Duk abin da Shehu ya faɗa kafin 1817 ne, Isa kuwa a wannan shekarar aka haife shi, ya girma ya ga daula a hannun sarakunan da suka biyo baya. Abin da ya ƙara shaida ce a kan zamaninsa shi. Mai tarihin da ya ciro ɗangon Isa ya kafa hujja da shi a kan halin jama'a a zamanin Shehu ya matsar da shaida daga wurinta da shekaru masu yawa.

Masu juyi na dā, wato waɗanda suke kwafe littafi da hannu, da yawansu sun san wannan, shi ya sa a juyin tahamisi sukan bambanta asali da ƙari, ko da jan tawada, ko da kaurin alƙalami, ko da matsar da ɗango gefe. Abin kunya ne a ce mai kara da tawadar ƙaro ya iya rabewa, mai kwamfuta ya kasa. Haka kuma wanda zai yi wa waƙar nan tahaƙiƙi na sosai dole ya zauna da malami mai Fulatanci a gwada Hausar Nana da asalin, a ga inda ta bi lafazi da inda kari ya sa ta bi ma'ana.

Fasali na biyu: abin da ajami ya bari a buɗe da abin da boko ya zubar

Misalan da zan kawo a nan kalmomi ne da mai karanta waƙoƙin wa'azi kowanne yake cin karo da su. Ajaminmu ba ya raba rufu'ar da ake karantawa u da wadda ake karantawa o. Masu juyi da yawa kuma ba sa raba ba da ɓa, ko kaf da ƙaf, wani ya rubuta ɗa da dal, wani ya rubuta ta da ɗa mai hannu, wani kuma ya ajiye ɗa mai hannu domin tsa. Saboda haka sin da alif da ba da wau suna iya zama sabo, suna iya zama saɓo. Dal da wau da kaf da alif suna iya zama doka, ko duka na bugu, ko duƙa. Kaf da wau da ra da alif suna iya zama kora, ko kura, ko ƙura. Da yake ajami yakan haɗe ƙananan kalmomi wuri ɗaya, ɓata da ba ta sura ɗaya gare su. A waƙar da take magana a kan sarki da talaka, dubi nisan da ke tsakanin doka da duka. Wanda ya karɓi waƙar daga bakin malami ba ya ruɗewa, domin rubutun tunatarwa ne gare shi. Mai mayar da ita boko kuwa dole ya zaɓi ɗaya, kuma da ya zaɓa ya rufe ƙofar sauran. In bai rubuta a ƙasan shafi cewa haruffan suna ɗaukar karatu biyu ba, ya mai da zatonsa matani.

Akwai kuma tarkon hannun Magribi, wanda shi ne tushen rubutun allonmu. Fa tamu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare ta a sama. Wanda idonsa ya saba da bugun Misira da Bairut kaɗai, in ya ga ƙaf tamu fa zai karanta, sai ƙari ya zama fari. Lodi mu da lam muke furta shi, shi ya sa muke cewa alwala da farilla da lalura, kuma mai waƙa da wannan furucin ya auna baitinsa. Wasalin e kuwa babban ɗigo ne a ƙarƙashin harafi, wanda aka aro daga alamar imala ta ruwayar Warshu. In tawada ta kwanta ko gara ta lasa, sai ya rikiɗe ya yi kama da ɗigon harafi, ko ya ɓace baki ɗaya.

Kada a ɗauka boko ya fi lafiya. Ajami yana nuna tsawon wasali da alif da wau da ya, boko kuwa ya zubar da shi. Suna na mutum da suna na masu aikatawa a ajami wau ya raba su, gashin kai da gashin nama alif ya raba su, a boko kowane biyu sun zama ɗaya. A nan Nijar, bayan taron Bamako na 1966, an yi zamanin da ake ninka wasali domin a nuna tsawonsa, sannan aka bari domin rubutun ya daidaita da na Nijeriya. Ga zube wannan bai cutar sosai ba, amma waƙa a kan tsawon wasali take tsaye. Karin sauti kuwa, wanda ya raba kuka na ido da kuka ta miya, babu rubutun da ya nuna shi cikin biyun. Tunda kowanne yana gani inda ɗan'uwansa ba ya gani, bugun da ya kawo boko ya bar ajami a gida ya ba mai karatu rabin shaida.

Fasali na uku: aruli da harshen mai waƙa

Idan haruffa suka ɗauki karatu biyu, ko juyi biyu suka saɓa, alƙali na farko shi ne aruli, ilimin da Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara. Malaman jihadi sun auna waƙoƙinsu na Hausa da bahar na Larabci irin su kamil da basiɗ da wafir da ɗawil, kuma Hausa ta karɓa da sauƙi domin ita ma gaɓoɓinta iri biyu ne, mai nauyi da marar nauyi. M. K. M. Galadanci ya yi bayanin wannan haɗuwa a 1975 a mujallar Harsunan Nijeriya. Wanda ya san bahar ɗin waƙa, in ya iske ɗango ya yi ɗingishi, ya san ko dai gaɓa ta faɗi, ko an sauya kalma, ko shi ne bai karanta daidai ba.

A nan ne babban laifin bugun boko yake fitowa, wato gyara wa mai waƙa harshe. Nana da Isa da Hausar yamma suka yi waƙa, irin wadda har yau ake ji a Sakkwato da Gobir da Adar da Ƙwanni. Suna cewa munka da sunka inda daidaitacciyar Hausa take cewa muka da suka, suna cewa wanga inda take cewa wannan, suna cewa shina inda take cewa yana. Mai buga littafi da ya tashi da Hausar makaranta sai ya ga kamar kuskure ne, ya gyara. To sunka gaɓarta ta farko mai nauyi ce, ta suka marar nauyi ce. Wanga tana ƙarewa da marar nauyi, wannan tana ƙarewa da mai nauyi. Da wannan gyara kaɗai ƙafar baiti ta karye, kuma mai nazarin da zai zo daga baya zai ce malaman nan ba su ƙware a aruli ba, alhali mai bugu ne ya karya musu. An kuma shafe shaidar da masanin harshe yake nema game da yadda ake magana a ƙasar nan shekara ɗari biyu da suka wuce. Almajiran Tawa da Tsibiri suna da rabo babba a wannan aiki, domin kalmar da ta gagari mai ƙamus sau da yawa tana nan a bakin kakarsu.

Alƙali na biyu shi ne Larabci. Waƙar wa'azi a kan aya da hadisi da littattafan fiƙihu da na tsoratarwa take jingine. Kalmar da ta yi duhu a Hausa sau da yawa ta Larabci ce da aka lanƙwasa domin ta shiga kari, kuma ba a gane ta sai an gano nassin da mai waƙa yake nufi.

Alƙali na uku shi ne kunne. Waƙoƙin nan domin rerawa aka yi su. Nana ta koyar da jajojinta, su kuma suka kai wa mata ƴan taru a ƙauyuka da baki, kuma har yau akwai makafi da tsofaffin mata da suka hardace su. Mai tahaƙiƙin da bai zauna ya saurara ba ya bar shaida mai ƙarfi, domin mai rerawa shi ne yake raba doka da duka ba tare da ya yi tunani ba. Amma ina gargaɗi a nan ma. Mai rerawa shaida ne guda kamar yadda juyi guda yake shaida guda, shi ma yana mantuwa, yana cike giɓi da abin da ya dace da kari. A rubuta ruwayarsa da garin da aka ji ta da wanda ya karɓa daga gare shi, a ajiye ta kusa da ta takarda, kada a zuba ta cikin matani a ɓoye.

Fasali na huɗu: ramzi da takarda

Malamanmu sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da in an tara lissafin haruffanta sai shekara ta fito. Lissafin nan iri biyu ne, na gabas da na Magribi, kuma namu na Magribi ne. Sun saɓa a haruffa shida. A wurinmu sodi 60 ne, lodi 90, sin 300, zadi 800, angai 900, shin 1000. A gabas sin 60 ne, sodi 90, shin 300, lodi 800, zadi 900, angai 1000. Ɗauki ramzin da ya ƙunshi shin da ra da nun. A lissafinmu 1000 da 200 da 50 ne, wato 1250 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1834 zuwa 1835. Wanda ya yi amfani da jadawalin gabas zai sami 550, ya mayar da waƙar baya da shekara 700. Bayan an fitar da shekarar kuma da sauran tambaya, musamman a waƙa mai hawa uku irin Tabbat Haƙiƙa: shekarar asali ce, ko ta fassara, ko ta tahamisi? Sannan mai juyi yana kwafe ramzi yadda ya same shi ko da bayan shekara hamsin yake rubutu, saboda haka ramzi ba ya faɗin shekarun takardar da ke hannunka.

Shekarun takarda daga takarda ake nemansu. In ka ɗaga tsohuwar takarda ga haske sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Irin wannan daga masana'antun Italiya take, ayari suka kawo ta daga Tarabulus ta Sahara. Tambarin yana taimakawa a san cewa juyin bai riga wani zamani ba, amma takarda tana iya kwana shekaru a gafaka kafin a rubuta a kanta. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga waƙarmu shi ne, littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi. Abin da yake tsare jerinsu shi ne kalmar da mai juyi yake rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. A waƙar da kowane baiti yake ƙarewa da amshi ɗaya, in warƙa biyu suka sauya wuri ƙafiya ba za ta tona ba. Wanda ya kwafa daga wannan juyi zai gaji rikicin, ya kuma rubuta sababbin kalmomin ƙasan shafi da za su sa ya yi kama da daidai. Shi ya sa juyi guda ba ya isa a tabbatar da jerin baitoci.

Fasali na biyar: magabata sun riga mu

Wasu almajirai suna ganin cika ƙasan shafi da saɓanin juyi al'adar Turawa ce. Su koma ga Alƙali Iyal, mai Asshifa da muke karantawa da azumi, wanda ya rasu a 544 ta Hijira. A littafinsa Al'ilma ya yi bayanin yadda ake muƙabala da yadda ake sa alamu. Ibnu Salahi, wanda ya rasu a 643, ya bi bayansa a Muƙaddimarsa. Abin da suka fifita shi ne, in ka iske abin da kake zaton kuskure ne a asali, ka bar shi a wurinsa, ka sa masa labba, wato alama mai kama da kan sodi, ka rubuta abin da kake ganin daidai a hashiya. Dalilinsu shi ne sau da yawa abin da mai gyara ya ɗauka kuskure yana da fuska a luga wadda shi bai sani ba. Wannan shi ne ainihin abin da ya sami sunka da wanga. Suna da alamar sahha ga abin da aka tabbatar, da harafin ha mai ruwa ga karatun wani juyi, da kalmar balaga inda muƙabala ta tsaya.

Dubi kuma aikin Yunini, wanda ya rasu a 701, a kan Sahihul Buhari. Ya tara ruwayoyi, ya ba kowace harafinta, ya yi zaman muƙabala a Dimashƙa tare da Ibnu Maliki mai Alfiyya, shi yana tsare ruwaya, Ibnu Maliki yana warware nahawu. Ga malamin hadisi da malamin luga a tabarma ɗaya, kowa ya san iyakar fanninsa. A kan wannan aiki Ƙasɗallani ya dogara a sharhinsa. Mu kanmu da muka tashi da Warshu, muka kuma ji Hafsu, mun san tun muna yara cewa ba a cakuɗa ruwaya da ruwaya. A zamanin nan Abdussalami Haruna na Misira ya tsara ƙa'idojin wannan fanni a littafin da ya fitar a 1954.

Daga Turawa akwai abin ɗauka, wato hanyar da ake jingina wa Bajamushe Lachmann ta gano dangantakar juyi da juyi ta kuskuren da suka yi tarayya a kai, har a zana musu salsala kamar ta dangi. Tana da amfani, amma an gina ta a kan mai juyin da yake kallon takarda yana kwafa. Namu mai juyin sau da yawa ya riga ya hardace waƙar, idonsa yana kan takarda bakinsa yana rera abin da ya ji a garinsu, sai juyi ɗaya ya gaji iyaye biyu. Saboda haka ban yarda mutum ya tsinto ɗango nan ya tsinto can ya haɗa matanin da babu wanda ya taɓa rerawa, sannan ya kira shi asali ba. Ya fi aminci a zaɓi juyi guda mafi tsufa da tsabta a kafa shi, a faɗi dalilin zaɓensa, a jera saɓanin sauran a ƙasa.

Fasali na shida: awon abin da aka riga aka buga

Da wannan ma'auni nake duban ayyukan da suka gabata. C. H. Robinson ya buga wasu waƙoƙin Hausa a Kambirij a 1896. Bokonsa na lokacin da ba a san da haruffa masu ƙugiya ba ne, kuma fahimtarsa ta gaza a wurare, amma ya buga hoton ajamin tare, shi ya sa har yau ana iya komawa a gyara masa. Mervyn Hiskett ya fitar da Waƙar Bagauda a 1964 da 1965 da matani da fassara da bayani. Ita ma darasi ce irin na Tabbat Haƙiƙa, domin jerin sarakunan Kano da ke cikinta ana ƙara masa suna in zamani ya wuce, saboda haka hannu fiye da ɗaya ne a cikinta. Bello Sa'id a kundinsa na 1978 a Jami'ar Bayero ya tara waƙoƙin masu jihadi masu yawa da boko, kuma kusan duk mai nazari ya sha daga rijiyarsa. Jean Boyd da Beverly Mack a 1997 sun tara ayyukan Nana Asma'u, suka sa hotunan rubutun hannu a ciki, suka kuma mayar mata da sunanta a kan ayyukan da aka daɗe ana jingina wa wasu. Abin da na lura da shi a duka shi ne, aikin da ya bar wa mai karatu hanyar komawa ga ajami shi ne yake daɗewa ana amfana da shi, ko da mai shi ya yi kuskure. Wanda ya toshe wannan hanya, kuskurensa yakan zama matani a bugu na gaba.

Mu a Nijar ba mu da uzuri. Rubuce-rubucen da Bubu Hama ya tara lokacin da yake shugaban Majalisar Dokoki suna nan dubbai a sashen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ban da abin da ke gafakokin gidajen malamai a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas. Abin da ya rage shi ne mutanen da za su zauna tare: alarammar da ya san hannu, da mai aruli, da mai Fulatanci, da mai tarihi, da tsohuwar da ta hardace. Ɗan jami'a shi kaɗai zai yi tuntuɓe a lodi da imala, malamin zaure shi kaɗai ba zai ɗaga takarda ga haske ba.

Saboda haka, ya kai almajiri, in wani bugu ya zo hannunka ka tambaye shi abu biyar. Daga wane juyi aka ɗauko, kuma yana ina? An nuna ajamin kusa da boko? An bar wa mai waƙa harshensa? An raba asali da fassara da tahamisi? An sa alama inda mai bugu ya zaɓa ko ya cike giɓi? Da wannan ma'auni nake so ka auna littafin da ke hannunka ma. Duk inda ka ga baka biyu a matani, cikon mai tahaƙiƙi ne, duk inda ka ga lamba, sauka ƙasan shafi ka ga abin da sauran juyi suka ce, kuma in kana da juyi a gidanku da ya saɓa, ko ka ji wani karatu daga malaminka, rubuta shi a hashiya da sunan garin da ka ji shi domin na bayanka.

Allah ya ji ƙan Shehu da Nana da Isa, da masu juyin da ba a san sunayensu ba, ya sa mu cikin masu tsare amana. Allah ne mafi sani. Tammat.